Bas mai buɗaɗɗen sama a Landan: ya cancanci kuɗinsa idan ka yi baƙi?

Duk wanda karatu ko aiki ya zaunar a Landan ya san wayar nan da abokai ke bugowa, su ce suna nan tafe wata mai zuwa, sai a shirya zagawa da su gari. Abin da baƙon bai sani ba shi ne mai masaukin nasa ma bai san garin can-can ba. Ya san hanyar gida zuwa wurin aiki, ya san tashar jirgin unguwarsu da kantin da yake cefane, amma rabonsa da bakin Big Ben tun makonsa na farko. Shi ya sa da yawa ke tsayawa kan bas ɗin nan mai bene da aka cire wa rufi, wanda ke zagaya tsakiyar birni, ka sauka inda kake so, ka sake hawa wani da tikitin nan guda. Wannan bitar a kansa take, daga ɓangaren mai karɓar baƙi.

Sana'ar tsohuwa ce a garin. Hukumar sufurin Landan ce ta fara irin wannan zagaye a 1951, kuma shi ne ya yi ta canza hannu har ya zama Tootbus na yanzu. Big Bus ya fara a 1991, a 2011 ya haɗe da wani kamfanin Faransa, yau yana aiki a birane irin su Paris da Dubai da New York. Akwai City Sightseeing, akwai Golden Tours. Launin motocinsu daban, yawan tashoshinsu daban, amma titunan da suke bi kusan ɗaya ne, cunkoson da ke riƙe su ma ɗaya ne. Don haka abin da za a faɗa a nan ya hau kansu duka.

Hukuncin a taƙaice: a matsayin kujerar kallo, bas ɗin nan yana da kyau ƙwarai. A matsayin abin hawa da zai kai ka wuri a kan lokaci, kusan shi ne mafi muni a Landan. Yawancin waɗanda suka sauka suna ƙorafi, waɗannan abubuwa biyu suka cakuɗa.

A fara da abin da ya iya. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi komai sauri, amma baƙo ba ya ganin komai a cikinsa sai bango. Ya shiga rami a nan, ya ɓullo ta wani ramin can, har ya koma gida bai san ina ne gabas ba. Daga saman bas kuwa, cikin safiya ɗaya garin zai zauna masa a ka: ga dandalin Trafalgar, ga titin Whitehall ya miƙe zuwa majalisar dokoki, ga kogin Thames ya raba gari biyu, ga tsohon birni da dogayen gine-ginen bankuna a gabas. Tsayin benen ma wani abu ne. Mai tafiya a ƙasa shaguna yake gani da kawunan mutane, na sama kuwa yana daidai da zanen da ke jikin tsofaffin gine-gine. Sannan akwai hutun da mai masauki ke samu: ba sai ya haddace tarihi ba. Ana ba kowa abin sawa a kunne, ya soka shi a ramin da ke jikin kujera, ya zaɓi harshe, murya ta riƙa gaya masa cewa Big Ben sunan ƙararrawar ne, hasumiyar kuwa mai tsawon mita 96 tun 2012 ake kiranta da sunan Sarauniya Elizabeth. Babu Hausa a cikin harsunan, saboda haka in akwai wanda Turanci bai zauna masa ba, ka zauna kusa da shi, kunnenka ɗaya a na'ura, ɗayan a wajensa.

Ga wanda ya zo da iyaye ko mai ciwon gwiwa, wannan amfanin kaɗai yana iya isa. Amma a lura, matakalar hawa benen ƙunci gare ta kuma tana da tsaye, direba kuma ba lallai ya jira kowa ya zauna ba. A hau da dattijo tun mota na tsaye, wani yana bayansa. Mai keken guragu a ƙasa zai zauna, wurin kuma yawanci na keke ɗaya ne. In a ƙasa za a zauna, rabin dalilin biyan kuɗin ya tafi, domin abin da ake gani ta tagar ƙasa bai fi na bas ɗin haya ba.

Sai inda abin ke lalacewa, kuma nan ne ya kamata a daɗe.

Na farko lokaci. Taswirar da ake miƙa maka tana nuna tashoshi a jere kamar carbi, sai ka ɗauka za ka sauka a 8 ko 10 daga ciki. Ba zai yiwu ba. Gajeren zagaye, ko ba ka sauka ko'ina ba, yakan ci sama da awa 2, dogon kuma da ke bi ta Kensington yakan haura awa 3. Gudun mota a tsakiyar Landan bai wuce mil 20 a awa ba bisa doka, da rana kuma ko rabin haka ba a samu. Kowace sauka tana da haraji: tafiya daga tasha zuwa wurin, layin shiga, dawowa, sannan jiran wata motar. A takarda za a ce mota na zuwa kowane minti kaza, amma cunkoso yakan tara su, uku su iso a jere, sannan a yi dogon shiru. In kuma ta iso a tsakiyar bazara, sau da yawa sama ya cika, sai dai ƙasa. Ku biyar ne, kujera biyu ta rage, sai ku raba kanku ko ku jira ta gaba. Lissafin gaskiya shi ne sauka 2 a yini, 3 in babu yara kuma an fito da wuri.

Na biyu, motocin suna tashi aiki da yamma, tun kafin dare. Wanda ya sayi tikiti da ƙarfe 2 na rana ya sayi rabin kaya da cikakken kuɗi. A nan ne ya kamata a karanta rubutun da ke jikin tikiti, domin akwai na “yini ɗaya” akwai na “awa 24”, kuma ba ɗaya ba ne. Na yini ɗaya yana mutuwa da motar ƙarshe ta ranar. Na awa 24 yana fara ƙirga daga lokacin da aka fara amfani da shi, wato in an hau da azahar yau, ana iya hawa gobe da safe. Ga mai baƙin da suka sauka da gajiyar jirgi kuma ba za su iya sammako ba, na biyun ya fi.

Na uku, akwai wuraren da ba ya zuwa, kuma su ne waɗanda baƙi suka fi ambata. Bas ɗin ba ya wucewa ta gaban fadar Buckingham, domin ba a barin irin waɗannan motocin su bi babban titin da ya nufi ƙofarta. A gefe ake sauke ku, ku taka da ƙafa. Wanda ya zauna riƙe da waya yana jiran hoton fadar daga sama, katanga zai gani. Canjin masu gadin fadar da misalin ƙarfe 11 na safe ake yi, kuma ba kullum ba, sai an duba jadawali. Mai son gani sai ya isa da kusan awa ɗaya kafin lokacin, in ba haka ba bayan mutane zai kalla. Haɗa wannan da zagayen bas a safiya ɗaya ɓarnar tikiti ce. Filayen ƙwallo ma ba sa kan hanya. Na Arsenal jirgin layin Piccadilly ke kai wa, na Chelsea kuma tashar Fulham Broadway ce a layin District. Unguwar Greenwich ma ba ta kan hanya.

Na huɗu, ranar da aka zaɓa. Asabar ita ce ranar da mai aiki ke da sarari, ita ce kuma ranar da aka fi rufe Whitehall da dandalin majalisa saboda zanga-zanga ko taro. In aka rufe, sai a karkatar da motocin, a tsallake tashoshin da suka fi kowanne daraja. Akwai kuma ranakun da aka sani tun farkon shekara: gudun fanfalaki na Landan a watan Afrilu, faretin bikin ranar haihuwar sarki a Yuni, ranar tunawa da mazan jiya a Nuwamba. Lahadi tituna sun fi sauƙi da safe, sai dai majami'un Westminster Abbey da St Paul's ba sa karɓar masu yawon kallo ranar, ta ibada ce. In da hali, ɗauki hutun Talata ko Laraba. Kowace rana ce dai, buɗe manhajar kamfanin da safe kafin a bar gida, a nan suke sa sanarwar tashoshin da aka rufe, kuma tana nuna inda motoci suke.

Sai sanyi, wanda kowa ke rainawa. Yanayin da ka ji a ƙofar gida ba shi ne na saman bas ba, musamman a kan gada inda iskar kogi ke bugowa. Baƙon da bai saba ba zai fara da murmushi da ɗaukar hoto, bayan minti 20 ka ga ya cusa hannuwa a hammata, ya daina jin bayanin, idonsa na kan matakala. Ko a Yuli a riƙe rigar sanyi mai tare iska. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa sai da hula da safar hannu, kuma kai mai masauki kai za ka tanada, kada ka dogara da abin da suka zo da shi. Lema ba ta aiki a sama, iska za ta juya ta ko ta tsone wa na baya ido. Kamfanonin sukan raba rigar leda in ruwa ya sauko, amma kujerar a jiƙe za ta kasance, don haka ƙaramin tawul a jaka yana da rana. Yawancin motocin suna da ɗan rufi da gilashi a layukan gaba na benen. Nan ne wurin dattijai da yara. Mai son hoto ya koma tsakiya, ya zauna ta gefe, kuma kada ya miƙe tsaye mota na tafiya, rassan bishiya ba sa sallama. A tuna kuma a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. Tikitin kuɗinsa kusan ɗaya, amma abin da ido ke samu ba ɗaya ba.

Babu makewayi a cikin motar. Ƙaramin zance ne har sai an yi awa 2 a sanyi bayan shayin safe. Mafita ita ce a tsara sauka kusa da gidajen tarihi na kyauta, irin National Gallery da ke dandalin Trafalgar, ko waɗanda ke South Kensington. Haka ma salla: babban masallacin Regent's Park yana da ɗan tafiya da ƙafa daga Baker Street, na Gabashin Landan kuma da ke Whitechapel tasha ɗaya ce a layin District daga Tower Hill zuwa Aldgate East. Da hunturu azahar da la'asar da magariba suna matsowa kusa da juna, gara a san inda za a tsaya tun kafin a fito.

To yaya ake cin moriyarsa? A sayi tikiti ta intanet tun daren jiya, yawanci ya fi na bakin titi sauƙi, a ɗauki hoton lambar a waya don kada intanet ya ba da kunya a ƙofar mota. A isa tasha da motocin farko, wajen ƙarfe 9, lokacin sama babu kowa. A zauna a yi rabin zagaye ko fiye ba tare da sauka ba, baƙi suna nuna abin da ya burge su, kai kana riƙewa don sauran kwanaki. Sauka ta farko ta zama a Tower of London, tsohon gidan sarauta mai ganuwa, wanda aka fara gina tsakiyarsa a wajen 1078, inda ake ajiye kambin sarauta. In za a shiga, a ware awa 2 zuwa 3, kuma a fara da ɗakin kambin kafin layi ya yi tsawo. Kuɗin shigarsa daban ne, ba ya cikin tikitin bas. In ba za a shiga ba, rabin awa ta isa a yi hoto da gadar Tower. Ita ce mai hasumiya biyu da aka buɗe a 1894, wadda baƙi da yawa ke kira London Bridge. London Bridge ta ainihi tana can gaba kaɗan, gadar siminti ce da ba wanda zai waiwaya ya kalla. Gadar Tower takan ɗaga don jiragen ruwa su wuce, ana kuma wallafa lokutan a shafinta. Daga bakin kogi abin kallo ne. Daga cikin bas ɗin da ya maƙale a layi kuwa ɓata lokaci ne kawai.

Daga nan kada a koma bas. Yawancin tikitocin suna haɗe da tafiya ɗaya a jirgin ruwa tsakanin Tower da Westminster, kuma a ganinmu ita ce mafi daɗin abin da ke cikin kunshin, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Kusan rabin awa ce ko ɗan fiye, babu cunkoso, akwai ɗaki mai rufi, ana bi ta ƙarƙashin gadoji har a sauka daf da Big Ben, ga London Eye, katafaren lilon kallon gari mai tsawon mita 135, a tsallake. A duba tun wajen saye cewa tikitin ya haɗa da jirgin, domin mafi arahar wani lokaci ba ya haɗawa.

Maganar kuɗi kuma, nan ne mai masauki zai yi tunani, tunda sau da yawa aljihunsa ne zai amsa. Tikitin babba ɗaya ya haura fam 30. Bas ɗin haya ja kuwa, a 2024 fam 1.75 ne hawa ɗaya, duk sauran bas ɗin da ka hau cikin awa ɗaya kyauta ne, kuma komai yawan hawanka a yini ba za a cire maka fiye da fam 5.25 ba. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya. In baƙi huɗu ne da kai na biyar, bambancin ya isa kuɗin shiga wani wurin da abincin rana.

Kuma jan bas ɗin yana bin titunan nan dai. Lamba 15 yana tashi daga gefen dandalin Trafalgar ya nufi gabas. Ku hau sama, ku kama kujerun gaba. A Aldwych, ta hannun dama, ga Bush House, inda Sashen Hausa na BBC ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye kafin a tashi daga ginin a 2012. Muryar bas ɗin yawon buɗe ido ba lallai ta tsaya a kansa ba, amma baƙon da ya tashi da rediyo a kunne zai fi jin wannan ginin a ransa fiye da gumaka goma. Daga nan sai Fleet Street, sai ƙubbar St Paul's ta bayyana a gabanku tana cika gilashi, ku wuce ta tana hagu, har Tower of London a dama. Lamba 24 in ya nufi kudu yana bi ta Trafalgar da Whitehall, ga dawakan masu gadi da ƙofar Downing Street, inda gidan firaminista yake, a dama, ga majalisa a gaba. Lamba 9 yana bi ta Piccadilly da Knightsbridge da Royal Albert Hall. Abin da za a rasa shi ne buɗaɗɗen sama da mai bayani, abin da za a samu shi ne ɗumi, da mota har dare.

Sai dai yana da nasa tarkon. Tun 2014 ba a karɓar tsabar kuɗi a bas ɗin Landan. Kowane mutum sai da katinsa, ba za ka taɓa katinka sau biyar don mutum biyar ba. Katin bankin da baƙo ya zo da shi daga waje yana iya ƙin aiki, ko bankinsa ya riƙa cirar kuɗin canji, saboda haka abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a tanadi katin Oyster, wato katin biyan kuɗin bas da jirgi na Landan, ga kowa, a zuba kuɗi tun kafin su iso. A bas sau ɗaya ake taɓawa, wajen shiga. A jirgin ƙasa kuwa sai an taɓa shiga an taɓa fita, kuma da kati ɗaya. Wanda ya shiga da waya ya fita da katin roba, ko da asusun ɗaya ne, na'ura za ta ɗauke shi a matsayin tafiya biyu da ba a kammala ba, ta ci shi kuɗi mafi tsada. A fitar da katin daga walat kafin a taɓa, don kada na'urar ta kama wani daban.

Ɗaukar su a motarka kuwa, kada ma a fara. Akwai harajin shiga tsakiyar birni tun 2003, wurin ajiye mota tsada, kai kuma direba ba abin da za ka nuna wa kowa.

Wa ya kamata ya saya, ke nan? Wanda baƙinsa kwana 1 ko 2 kawai gare su kuma zuwansu na farko ne. Wanda ya zo da dattijan da za su iya hawa bene amma ba za su iya dogon tattaki ba. Da kuma wanda aiki ba zai bar shi ya raka su ba: ya kai su tasha da safe, ya nuna musu launin motarsu da lambar tashar a taswira, domin kamfanonin sukan tsaya kusa da juna kuma tikitin wani ba ya aiki a motar wani, ya rubuta musu lokacin motar ƙarshe da adireshin gida a takarda. A irin wannan hali bas ɗin yana da wuyar ɓatar da mutum, tunda zagaye yake, inda ya ɗauke ka nan zai dawo da kai. Tikitin awa 48 kuwa da wuya ya biya kansa, rana ta biyu baƙi sun riga sun san abin da suke so, kuma jirgi zai kai su cikin minti 15 inda bas zai ci awa.

In baƙin mako guda za su yi kuma ƙafarsu lafiya lau, a bar shi. A yi lamba 15 da 24 rana ɗaya, a ware wata ranar don British Museum, wanda shigarsa kyauta ce, sannan a ɗauki jirgin ruwan Thames Clippers zuwa Greenwich. Yana karɓar Oyster, amma kuɗinsa ba ya shiga cikin iyakar nan ta yini, a sa wannan a lissafi. Can a kan tudu ne layin da aka amince da shi a 1884 a matsayin mafarin auna duniya gabas da yamma yake, wato asalin agogon GMT da ake ji a rediyo. Hawan tudun yana da ɗan wuya, a bi shi a hankali da dattijai. Shiga farfajiyar da layin yake sai da tikiti, amma tsayawa a bakin tudun a hango kogi da dogayen gine-ginen Canary Wharf kyauta ne.